Layi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Bunkure, Litinin

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ni dai ba lafiya ba. Manhajar rabon ruwa da ka rubuta wa ƙungiyarmu ta manoman rani ta tsallake kanal ɗin Malam Dogo kwana shida, tumatirinsa ya ƙone ƙurmus. Salisu sakatare ya buɗe git, inda ake ganin wanda ya taɓa kowane layi na manhajar, sai ga sunana a layi na 214, wanda ya hana ruwan. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kan korata daga aikin kula da manhajar, kuma Baba ne shugaban zaman. Tun jiya bai amsa gaisuwata ba.

Wallahi jera layukan kawai na yi a watan Janairu. Kai ka koya min cewa sunan wanda ya taɓa layi a ƙarshe ake gani, ba na wanda ya fara rubuta shi ba. Ka duba min tsohon tarihin, don Allah. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka, Zuliha

Kano, Talata

Zuwa ga Zuliha,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa, na ga saƙonki. Shawarata ita ce ki ba kwamiti haƙuri, ki sa hannu a takardar da za su ba ki. Tone-tone ba shi da amfani, manoma ba za su gane ba. Zan nema miki aiki a nan. Ki gaida Inna.

Yayanki, Maharazu

Bunkure, Laraba

Yaya,

Barka da aiki. Na gode da aikin Kano da ban nema ba. Tunda ka ƙi, na tona da kaina.

Kafin sunana akwai wani suna a layin: "ofis". Ka san kwamfuta ɗaya muke da ita bara, kowa da wannan sunan yake aiki. Amma an rubuta layin ranar gayyar yashe kanal, da ƙarfe sha ɗaya na safe. Ranar duk muna cikin laka har gwiwa, mutum ɗaya ne ya ce ciwon baya ya hana shi, kai ne. A gurbin wanda ya duba gyaran ya amince kuma, sunanka ne. Ƙa'idarka ce mutum ba ya duba aikin kansa.

Layin ya ce a makon farko na Maris a karkatar da ruwan Malam Dogo zuwa kanal ɗin da shinkafar Baba take. An sa wata, an manta shekara, don haka duk Maris sai ya maimaita. Bara Malam Dogo bai yi shuka ba, shi ya sa ba wanda ya lura. Bana ya yi.

Na ji haushinka ƙwarai, Yaya. Ban nuna wa kowa ba tukuna, amma ba zan sa hannu ba. Zaman ƙarfe goma ne. Allah ya kai mu.

Zuliha

Kano, Laraba da yamma

Zuliha,

Salam. Ni na rubuta, ni na amince wa kaina. Baba bai sani ba, ya ɗauka albarkar gona ce. Zan shigo motar farko. Kada ki faɗa masa, gara ya ji daga bakina a gaban Malam Dogo.

Ki yafe min wasiƙar jiya.

Maharazu