Za A Gwada Hancinmu, Ni Kuwa Tsoro Nake Kada A Ce Ni Ce

Anti Mai Shawara, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana. In kin ga magana ta yi gaba ta dawo baya ki yi haƙuri, haka kaina yake a 'yan kwanakin nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai bakwaini. Na daɗe a wurin, har ƙananan ma'aikata suna tsokanata da Kakar Bakwaini. Duk jaririn da aka kawo ɗan mitsitsi, wanda aka rasa jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa, ni ake kira. Ba yabon kai nake ba, hannuna ne ya saba.

To a watannin nan sai yara suka fara yi mana wani irin ciwo. Jariri yana cikin kwalbar ɗumama bakwaini, ya fara karɓar nono, muna murna, sai a ga jikinsa ya saki, wurin robar ƙarin ruwan ya yi ja ya kumbura. Wannan ya samu sauƙi, wancan ya kama. Mun rasa ɗaya, mace ce, ni na naɗe ta na miƙa wa kakarta. Da farko kowa cewa yake ai bakwaini sai a hankali. Amma asibitinmu yana da masu bin diddigin cututtuka, waɗanda aikinsu shi ne sa ido kan duk ciwon da mutum ya ɗauka bayan an kwantar da shi. Su suka ce abin ya wuce yadda aka saba gani, kuma gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta iri ɗaya ce ke yawo a tsakanin yaran.

Suka sauko mana da tsinken auduga. Babu abin da ba su goga ba: bakin famfo, kwalaben, labule, abin awon zafi, har wayoyinmu. Shugabarsu wata likita ce siririya, ba ta ɗaga murya, amma in ta fara tambaya sai ka ji kamar a kotu kake. Ta bi ta tambayi wa ya taɓa wane yaro, kuma yaushe. Daga baya ta tara mu ta ce irin wannan ƙwaya tana iya zama a hancin mutum yana lafiya lau bai sani ba, daga hanci ta sauka hannu, daga hannu ta isa jikin jariri. Don haka mako mai zuwa za a gwada hancin kowa da kowa, har likitoci da masu shara. Ba ta kira sunan kowa ba, ba ta ma kalle ni ba.

Amma ni na yi lissafina, Anti. Duk yaron da ya kamu, ni na sa masa roba. Ga shi ina sa tabarau, takunkumi yana sa shi ya yi hazo, sai in riƙa kai hannu ina gyarawa. Ina wanke hannu, Allah ya sani, amma ba zan iya rantsuwa cewa ban taɓa mantawa ba. Tun ranar taron nan abinci ba ya shiga. In na tura hannuna cikin kwalba sai in ji gabana yana faɗuwa. Maigidana yana ta yi mini ba'a wai na fi yaran gidan cin sabulu, ina dariyar yaƙe, bai san komai ba. Ƙanwata ta haihu, na je barka na ƙi ɗaukar yaron, na ce mura nake. Ta ji haushi, ta kai ƙara wajen Mama, Mama ta kira ni ta wanke ni tas.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Wata ƙawata da muke aiki tare ta ja ni gefe, ta ce kada in zama sakarya. Akwai man da ake shafawa a cikin hanci yana kashe ƙwayar, in fara shafawa a ɓoye kafin ranar gwaji, sakamako zai fito fes. Ta ce in ma ina ɗauke da ita ai na kashe ta, yara sun huta, sunana ya tsira, wa aka cuta? Ta ce wasu ma sun riga sun fara. Ta ba ni man, yana cikin jakata, ban buɗe ba.

Kin san asibiti. Magana tana fitowa daga ɗakin gwaji da safe, kafin azahar ta isa wajen maigadi. Ina tsoron a riƙa nuna ni ana cewa ga nas ɗin da ta kashe jarirai. Ina tsoron a raba ni da ɗakin nan, ban iya wani aikin ba. Abin da ya fi duka ba ni tsoro shi ne ya zama gaskiya ne. Ki faɗa mini, in shafa ko in bari?

Daga 'yarki mai fargaba.

AMSA

'Yata, sannu. Tsoronki ba shirme ba ne. Bakin mutane yana da zafi, kuma wadda ta naɗe jaririya da hannunta dole zuciyarta ta yi ta tuhumarta. Ƙawarki ma ba muguwa ba ce, so take ta cece ki. Sai dai shawararta ba ta yi ba, kada ki shafa man nan.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai wasiƙarki wajen wata da ta san wannan aiki, ba tare da na ce ga daga inda ta fito ba. Ta ce in fara tuna miki da abin da kika faɗa da bakinki: mafi raunin yara ake kawo miki, su ne kuma suka fi saurin kamuwa ko a hannun wa suke. Don kin taɓa duk wanda ya kamu, wannan bai isa ya nuna ke ce ba. Masu binciken sun san haka, shi ya sa za su gwada kowa. Lafiyayyun mutane da yawa suna ɗauke da irin wannan ƙwaya, kuma ko an same ta a hancinki, sai an duba ko ita ce ta jikin yaran.

Batun man kuwa, wanda ya shafa a ɓoye yana iya danne ƙwayar na ɗan lokaci, gwaji ya fito fes, daga baya ta dawo, ba kuma wanda zai sake dubawa. Masu binciken za su cire ma'aikata daga lissafi su koma fasa famfo, alhali hanyar da cutar ke bi tana nan a buɗe. Ƙawarki ta ce wa aka cuta. Jaririn da za a kwantar wata mai zuwa aka cuta.

Ga abin da za ki yi. Ki mayar da man inda aka ɗauko shi. Kafin ranar gwaji ki sami likitar nan ke kaɗai, ki tambaye ta kai tsaye wa zai ga sakamako, kuma me ake yi wa wadda aka samu. A yadda aka bayyana mini, magani ake ba mutum yadda ya kamata, a sake gwada shi, ya koma bakin aikinsa. Kina da haƙƙin a rufa miki asiri, ki nemi ta tabbatar miki. Ki kuma shaida mata cewa tsoro ya sa wasu sun fara shafa mai. Ba sai kin kira suna ba, amma dole ta sani, in ba haka ba gwajin duka ya tashi a banza. Batun tabarau ma ki faɗa mata, sai a nemo miki takunkumin da zai zauna daidai.

A gida kuma ki daina haɗiye abin ke kaɗai. Ki zaunar da maigidanki ki gaya masa. Ki kira ƙanwarki ki ce mata kiyaye ɗanta kike yi, za ta gane.

Ba zan yi miki alkawarin ba ke ba ce, don ban sani ba. In sakamako ya nuna ke ce, za ki yi kuka, kuma ki yi abinki. Amma daga ranar babu jaririn da zai sake ɗaukar ƙwayar daga hannunki, kuma za ki tura hannu cikin kwalba ba tare da gabanki ya faɗi ba. Man da ke jakarki ba zai ba ki wannan ba.

Allah ya ba yaran lafiya, ya ji ƙan wadda ta tafi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.