Yatsan da Ke Tura Gilashin Gwaggo

Zuwa ga Gwaggona, Gwaggo Asabe mai lalle,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Gwaram, ya hidimar amare? Baba da Inna suna gaishe ki. Mu a nan Birnin Kudu sai godiya.

Gwaggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna. Duk zaman da na yi a gefenki kina yi wa amare lalle, fatana a ɓoye shi ne kada gilashin nan naki ya daina zamewa.

Kin tuna yadda abin ya fara? Kina haura arba'in kika soma riƙe waya can nesa, hannu a miƙe kamar mai ba wani saƙo ta taga. Nesa kina gani tar, amma layukan tafin hannun amarya sun koma miki hazo. Aka ba ki gilashin karatu, ya yi miki aiki, sai dai bai san sana'arki ba. Kanki a sunkuye, zufa na tsiyaya, hannu ɗaya riƙe da yatsun amarya, ɗayan da ledar lalle. Sai ya gangaro ƙarshen hanci ya tsaya yana lilo. Kin gwada ɗaure shi da roba ta ƙeya, ya sa miki ciwon kai.

Nan aikina ya samu. "Sa'a, tura." Kalmomi biyu ke nan, in sa yatsa in mayar da shi mazauninsa. Ni da ko gaisuwa ba na iya ɗaga murya, sai ga ni a tsakiyar ɗakin amare, kuma babu mai cewa in matsa. Ƙawayen amarya suna ta shewa, kowa na kallon amarya, ni kuwa hannunki nake kallo: yadda kike fara fure daga cibiyarsa, yadda kike riƙe numfashi idan za ki ja layi mai tsawo.

Sai ranar wani biki a garin Wurno. Ina makaranta muna jarrabawa, babu mai tura miki. Gilashin ya faɗo a kan ɗanyen zane, ya dame bayan hannun amarya, baƙin lalle kuwa ba ya jiran a ba shi haƙuri. Wata a cikin dangin ango ta ce tsufa ba ya ɓuya. Kika dawo gida kika tura kwandon kayan aikinki ƙarƙashin gado. Duk wadda ta aiko sai ki ce, "A nemi yara, idonsu sabo ne." Ranar na tsani fatan nan nawa, na ji kamar ni na jawo miki.

Kin sha yi mini tsiya a kan littattafan soyayya, wai za su cinye mini ido kafin in yi aure. To Gwaggo, a cikinsu na fara jin labarin ɗan gilashin da ake maƙalawa a ƙwayar ido. Jarumar takan sa shi idonta ya koma ruwan zuma, ta ɗago kai a hankali, saurayin ya manta abin da ya zo faɗa. Na daɗe ina mafarkin irinsa a idona. Da na raka ki asibitin ido a Kano don a sake miki gilashi, na yi ta juya wata tambaya a raina. Har kin miƙe kin gyara mayafi sannan na ji muryata ta fita, ina tambayar likitar ko akwai irinsa na masu matsalar ganin kusa. Kika harare ni. Ita kuwa ta ce mu koma mu zauna.

Ashe akwai, kuma ba iri ɗaya ba. Akwai dabarar da ake saita ido ɗaya ya ga kusa, ɗayan ya ga nesa, ƙwaƙwalwa ta haɗa su. Ita kika fara gwadawa, kika dawo kina tsallake kwatar ƙofar gida kamar mai haye kogi, kika ce ba za ki iya raba wa idanunki aiki kamar masu gado ba. Sai aka ba ki wanda ya haɗa kusa da nesa a cikin ɗan faifai guda. Likitar ta ce akwai na yini ɗaya a yar, akwai na wata da ake wankewa da ruwan maganinsa. Kika zaɓi na wata, kika raɗa masa suna ɓawon albasa.

Wayyo, makon farko! Kina gaban madubi, yatsa na zuwa ido na rufewa, hawaye shaɓe-shaɓe, kina cewa, "Ni da ko kwalli sai na yi bisimilla uku." Dokokin kuma sun fi na makarantar kwana: a wanke hannu da sabulu a shanya kafin a taɓa, a sa shi da safe tun ba a kusanci lalle ba, kwalli sai bayan ya shiga, ba a barci da shi, ruwan famfo ko na rijiya ba ya taɓa shi, idan ido ya yi ja a cire a koma asibiti. Sai da kika aika Baba ya tambayo Malam batun alwala, ya ce cikin ido ba ya cikin abin da ake wankewa, sannan hankalinki ya kwanta.

Wata safiya kina zaune bakin ƙofa kika kama hannun Inna, kika juya shi, kika ƙura wa layukan tafinsa ido. Kika ɗaga kai kika kira sunan mai tallan da ke can bakin layi. Kika sake duban hannun. Sannan kika ce in jawo miki kwandon nan.

Gwaggo, kin ci! Yanzu ga shi bukukuwan gabanin azumi sun riƙe ki a Gwaram, wannan gida ya sake ki wancan ya kama. Hotuna suna shigowa wayar Inna, ina buɗe su ina faɗaɗawa: layukan nan sirara kamar gashin jariri, babu inda hannu ya yi gargada. Har daga Wurno an aiko neman ki, gidan da aka ce tsufa ba ya ɓuya. Inna ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse.

Murna nake, wallahi murna nake. Amma ranar da za ki tafi kin ɗauki kwando kin shiga mota, ba ki ce "Sa'a, taso" ba. Me zan je in tura? Na koma ɗaki na buɗe littafi, shafi ɗaya na yini ina kallo.

Shi ya sa zan ƙarasa miki gaskiyar. Ba gilashin nake so ba, zaman nake so, da abin da nake gani a zaman. Tun da kika tafi nake kwaɓa ragowar lallenki ina gwadawa a ƙafata, in rufe da safa. Na farkon sun yi kama da sawun kaza a taɓo. Amma jiya na yi furenki a bayan hannuna na hagu, daga cibiya na fara, na riƙe numfashi a dogon layin, kuma bai karkace ba. Ina so ki koya mini, Gwaggo. Ina so in zauna a gefenki da leda a hannuna.

Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya tsare su daga ciwo da bakin mutane. Allah ya sa albarka a yatsunki, ya ba amarenki zaman lafiya, ya ja mana kwananki. Amin.

Da na yi niyyar in bar wasiƙar nan a shafina na intanet kawai, inda ƙawayena masu karatu za su gani, tunda na san ba kya leƙawa. Na fasa. Na kwafe ta a takarda da ƙananan rubutuna, ban ƙara musu girma ba ko kaɗan, don yanzu ba kya buƙatar mai karanta miki. Baba zai shigo Gwaram ranar kasuwa, ya ce in shirya. Da hannun hagu zan miƙa miki, ki yafe mini rashin ladabin. Ki duba hannun kafin ki buɗe takardar.

Taki har kullum,
Sa'adatu