Na Ce Kada a Kwashe Duka

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna bayan aikin ido? A gaida su yara. Ni lafiya lau, in ban da sanyin ɗakin na'urori da ya ɗan kama min ƙirji. Kada Inna ta ji.

Ba zan zo ba, an soke hutuna, kuma raina a ɓace yake.

Wata huɗu ina gwada sabon tsarin adana bayanai a kamfaninmu, wanda manhaja ke rarraba su a kan na'urori da yawa maimakon babban akwati guda. Na faɗa wa manaja a rubuce cewa ya dace da tsofaffin takardu da hotuna, amma rajistar odar kwastomomi sauri take so, a bar ta inda take. Ya ce, "Kai dai tsoro ya yi maka yawa." Ya sa aka kwashe duka zuwa sabon tsarin rana ɗaya don ya burge manya.

Rajista ta koma tafiyar hawainiya. A taro ya nuna ni ya ce, "Shi ya gwada." Ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, ya dawo yana zagin jaki! Yanzu ni zan mayar da komai inda yake a da, shi ya sa aka soke hutun.

Don Allah ka raka Inna ranar cire bandeji. Na yi mata alkawarin fuskata za ta fara gani. Ka tsaya a gabanta, Yaya, ai an ce muna kama.

Ƙaninka