Ruwan inabin da ke hana tuƙi

Al Rigga, Dubai
14 ga Oktoba, 2009

Zuwa ga Yayata Zaituna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwar nan tata, ya bar mana ita. Mu nan lafiya lau, zafi ya fara sassautawa, har maigidana Ɗalhatu ya rage ƙorafi idan ya dawo daga aiki. Albishirinki, aikin idon Baba ya yi kyau. An cire yanar duka biyun, kuma mutumin da ya shekara uku yana laluben takalminsa yanzu ƙurar saman fanka yake nuna mini. Ya ce na rame, ya ce labulen falona bai yi ba. Na gode wa Allah, amma idon nan da ya buɗe shi ne ya tona mini asiri, kuma dalilin wannan takarda ke nan.

Kin tuna sharaɗin da Baba ya kafa mini ranar da na kama aiki a kamfanin tafiye-tafiyen nan. Ya ce duk ranar da aikin ya taɓa haram in ajiye shi, in kuwa na ƙi, to in nemi albarka a wani wurin. Yawancin aikina tikiti ne da otal da biza, na masu zuwa Umara da 'yan kasuwa masu wucewa Sin. Amma akwai Turawa mazauna nan da kan so su fita shan iska Juma'a da Asabar, kwanakin hutunmu. Watan jiya wasu su shida suka ce Lebanon suke so, wani kwari da ake kira Biƙa, inda ake noman inabi, ana matse shi a ajiye ya daɗe. Gona-gona za su bi suna ɗanɗanawa, uku ranar Juma'a, biyu ranar Asabar, kuma babu mai son taɓa sitiyari a cikinsu saboda hanyar ta kan duwatsu ce. Ni zan kama musu jirgin yammacin Alhamis, in tsayar da lokaci da kowace gona, in bar musu sarari su ci abinci a tsakani, sannan in samo direban da zai yi yawo da su ya dawo da su otal.

Manaja ya matsa mini, sai na kwaso takardun na zo da su gida. Baba yana zaune a kan darduma bayan la'asar, ya miƙa hannu ya ɗauki mai hotuna. Kin san Baba da shuka, mutumin da ya yi shekara arba'in a lambun Kadawa. Ya kafe hoton da ido, yana auna tazarar layi da ɗan yatsa, yana yaba yadda aka ɗaure rassan a jikin waya. Da ya tambaye ni abin da mutanen za su je yi, sai na ce ɗanɗana ruwan inabi. Yaya, ban yi ƙarya ba, amma kin san irin wannan gaskiyar. Baba ya washe baki. Ya ce wa Ɗalhatu ya bincika ko za a iya yi masa biza ya bi su, zai tafi da jarka ya ɗebo wa Inna, don an ce yana ƙara jini. Har a masallaci ya ba Malam Nafiou labari, wani ɗan Nijar mai shago a Al Buteen da suka shaƙu. Ɗalhatu ya ce bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce ah bon da Faransancinsu, wato to fa. Kwana uku ina jin wannan, ina dariyar yaƙe.

Maganar direba ce ta kama ni. Baba ya ji ni a waya ina jaddada wa mutanen can cewa direban kada ya kuskura ya kai ko ɗigo bakinsa. Da na ajiye, ya ce shi fa ya sha zoɓo ya hau babur, ya sha tsamiya ya hau babur, bai taɓa faɗuwa ba, to wane irin ruwa ne wannan da ke hana tuƙi. A nan dabara ta ƙare mini, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ninke takardar ya ajiye a gefe, ya karɓi kwalbar maganin idon daga hannuna ya ɗiga da kansa, rabi a ido rabi a kumatu. Kwana biyu in na gaishe shi sai ya amsa da lafiya kawai. Na ji tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba tun da na baro gida. Aikin ban damu da shi ba a lokacin, fushin Baba ne ba zan iya ɗauka ba.

A rana ta uku da hantsi ya kira ni. Na riga shi da cewa yau zan mayar da takardun, ba ruwana da tafiyar. Ya ce ban isa ba. Mutum shida ne, kowa da uwarsa, in na zare hannu suka yi hayar mota suka gangara daga kan dutse, a wuyan wa? Ya ce in samo musu direba mai hankali in ƙarasa wannan, sannan in gaya wa manaja daga yau an gama. Haka aka yi. Na samo wani dattijo da aka shaide shi, mutanen sun je sun dawo lafiya, manaja kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato shi ke nan, ya miƙa irin waɗannan takardu ga wata abokiyar aikina. Ashe abin da na shafe watanni ina jin nauyin roƙa, magana ɗaya ce.

Sai dai Baba bai gama ba. Ya ce aikin bai ƙona masa rai sosai ba, ya san mai neman abinci a ƙasar mutane yakan yi tuntuɓe. Abin da ya yi masa ciwo shi ne an kashe wahala an buɗe masa ido, ni kuma na sake rufe masa shi da Hausa, Hausar da shi ya koya mini. Na yi kuka har na ba shi tausayi. Ya dafa kaina ya ce albarkarsa tana nan, kuma shi ba zai kai labarin nan gida da bakinsa ba. Amma in rubuto da hannuna, in kira abin da sunansa.

To Yaya, giya ce. Wata takwas ina shirya wa mutane tafiyar shan giya, na sani sarai, na yi shiru. Ki zauna ki karanta wa Inna kamar yadda na rubuta, kada ki tausaya mini ki gyara ko kalma ɗaya, ki roƙa mini gafararta.

Baba zai sauka Kano ranar Lahadi in sha Allahu, takardar tana cikin jakarsa. Ki gaishe mini da Kawu Halliru da iyalinsa, da Salmanu, da takwarar Inna Ummulkhair. Ɗalhatu yana gaishe ku duka. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Halima Sa'adiya