Takabar Rabi da zaman da aka yi a Dutsin-Ma

Zuwa ga marigayiya matata, Hajiya Indo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, na zauna in ba ki labarin 'yarki ta fari, Rabi, wadda kunya ba ta taɓa barinki ki kama sunanta ba, sai dai ki ce Ta Birchi, saboda a can kakarta ta yaye ta. Tsufa ya kama ni yanzu, ki yi haƙuri da rubutun.

Mijinta Malam Sada ya riga mu gidan gaskiya bara da damina. Ta dawo nan Kurfi ta yi takaba a ɗakinki. Kin san tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Dutsin-Ma. Mai makarantar, wani Alhaji, ya zo ta'aziyya da kansa, ya zauna bisa tabarma a ƙofar gida cikin mutane, ya ce mini a gaya wa Malama ta zauna ta yi ibadarta, aikinta yana nan yana jiranta. Kowa ya sa masa albarka.

Da ta fita takaba ta koma, sai ta tarar an ba wani ajinta. Aka ce ta bar aiki ba izini, kuma haka ake gaya wa duk makarantar da ta je nema. Alhali akwai malami namiji a wurin da ya karye a babur, ya fi ta daɗewa a gida, ya dawo ya iske kujerarsa. Da ta tambayi bambancin, Alhaji ya ce mata ai ba a dogara da mace, yau haihuwa, gobe takaba.

Indo, kin tuna yarinyar da ko aike gidan maƙwabta sai ta laɓe bayan zanenki? Ita ce ta kai ƙara ofishin da ke duba koken ma'aikata, ta ce an kore ta ne don ita mace ce. A zamaninmu wanda aka sallama tattara komatsansa yake yi ya ce Allah ya isa. Ban san ana iya wannan ba.

Aka sa ranar zaman sulhu a Dutsin-Ma. Ta ɗauke ni a Keke Napep daga tasha, don ƙafafun nan sun daina yi mini biyayya. Alhaji ya tsaya kan cewa bai taɓa ba ta izini ba, kuma babu shi a rubuce. Gaskiya ne babu, don wa ke neman sa hannu a zaman makoki? Sai dai ya manta cewa maganar da aka yi bisa tabarmar makoki, gari ne ya ji ta. 'Yan'uwanki na Birchi da ke wurin ta'aziyyar a ranar suka bar wakensu a gona, kaka ta yi, suka hau babura suka zo. Ɗaya bayan ɗaya suna maimaita abin da ya faɗa, har da inda ya zauna.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami bai zo ba sai can. Wata tsohuwa ta shigo da sanda, ta girme ni, wata mata na riƙe da ita. Ashe mahaifiyar Alhaji ce, daga Karofi. Labari ya kai mata ta bakin mata. Ba ta dubi masu ofis ba, ɗanta ta duba. Ta ce, “Audu, da na yi takabar ubanka kana goye a bayana, wa ya kore ni daga gidan?”

Alhaji, babban mutum mai gemu, ya zame daga kujera ya durƙusa. A nan ya janye maganarsa, ya ce a mayar da Malama ajinta, a kuma wanke sunanta a wuraren da aka ɓata shi. Tsohuwar ta kama hannun Rabi ta daɗe ba ta saki ba. Ni kuwa ina ta tasbihi, hawaye na bin gemuna.

Ta koma aiki. Gidan ya sake yin tsit, daga ni sai kajinki da suka yi jikoki. Ran Juma'a takan zo mini da tuwo da miyar kuka, irin taki, daddawa ta ji. Nakan kalle ta tana zuba mini ruwa a buta, in rasa inda ta samo zuciyar nan. Sai in tuna ranar da kika tare mai awo a kasuwa kika ce ya cika mudun wata marainiya.

Allah ya gafarta miki, ya jiƙan Malam Sada, ya ba tsohuwar Karofi kyakkyawan ƙarshe, ya tsare mana Ta Birchi. In na iso, zan ba ki sauran labarin da baki.

Mijinki mai kewarki,
Malam Lawal, Kurfi.