Gwangwanin da Ba Ya Ƙamshi

Zahir, Makka

Yaya Kabira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara da mutanen Kano baki ɗaya. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina ba a kwance yake ba game da Baban Nuha. Ɗakin saman soro da nake shanya itacen turare ya sa masa kwaɗo, makullin yana aljihunsa har masallaci. In ya sauko, yatsunsa baƙi ƙirin. Kin san ranar Juma'a sai na zaga ko'ina da kaskon turaren wuta. To, makon jiya ina taka bene da kasko ya daka mini tsawar da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Ga gwangwanayen da nake zuba turaren sayarwa suna ta ɓacewa, har ƙaramin sikelina ya yi ƙafa. Wallahi zuciyata ƙwaya take raya mini. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Ruƙayya

Yaya Kabira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ashe ba ƙwaya ba ce, amma ban ga abin murna ba.

Abokinsa Rakan ya zo da hannu a naɗe, gira a ƙone, wai ƙofar mota ce ta datse shi. Ƙofar mota tana ƙona gira? Na titsiye matarsa Tahani, ta fashe da kuka. Farautar tsuntsaye suke zuwa ta wajen Ɗa'ifa, mijina kuma shi ne gwani, yana tsince kwanson harsashi yana sake cika shi da albarushi a saman kaina. A waya ya koya, kin ji malamin. Ya gauraya albarushi iri biyu don duk baƙi ne a idonsa, yana awo yana kallon ƙwallo, har ya ɗura wa wani kwanson sau biyu. Bindigar ta tarwatse a hannun Rakan.

Na yi masa tas. Na tuna masa cewa ko gidan bai tashi ba, hukuma in ta ji, iƙamarmu ta zama a ƙasar nan ce za ta tafi. Ya rantse ya daina, zai kwashe komai. Bai dubi idona ba.

Taki,
Ruƙayya

Yaya,

Ki gaida kowa.

Kwashewar da ya yi alkawari, ashe saukowa ya yi da sauran albarushin a gwangwanina, mai tambarina, ya ajiye a kantar da nake jera kaya, wai zai fita da shi da safe. Ni kuwa na haɗa duka na aika wa Hajiya Zainabu a unguwar Kudai, turaren ɗakin ɗiyarta amarya. Sai bayan la'asar ya shigo fuska ba jini, yana tambayar ina gwangwanin ƙarshen kanta.

Na kira wayar Hajiya, gidan biki, wa zai ɗauka? Ban san yadda na shiga mota ba. Na same su cike da ɗaki, mata da jarirai, kasko a tsakiya ana fifita garwashi. Hajiya na riƙe da gwangwanin a buɗe, ta riga ta ɗebo a cokali. Tana ganina ta ce, "Ruƙayya, wannan wane irin turare ne ba ya ƙamshi? Bari mu ji shi a wuta."

Na fizge, na juye masa ruwan buta. Na ce haɗin ne ya lalace. Tun ranar ba ta sake saye a wurina ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu makullin soro yana wuyana, Baban Nuha ya yi kuka ya sake rantsuwa. Kowane gwangwani sai na shinshina kafin ya bar gidan nan. Amma Yaya, ɗazu na duba kanta, wani gwangwanin babu.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ruƙayya