Takalman da Ke Kallon Waje

Litinin, 3 ga Maris
Matar ƙanina ta zo da lauya, wani siriri da jakarsa ta fi shi ƙiba. Maganar dai ita ce: tun ranar da ƙanina ya rufe shagonsa na gyaran takalma ya ce zai je sayo fata, shekaru ke nan, ba shi ba labarinsa. Shago da gida duk da sunansa. Ba a iya sayarwa, ba a iya rabawa, ita kuma ba mai miji ba, ba bazawara ba. Sai in kotu ta ce ya mutu. Ni ake so in yi shaida cewa ban ji ɗuriyarsa ba.
"Yaya, na yi furfura ina jira," in ji ta, kanta a ƙasa. Na ce to.
Da za su fita lauyan ya ce, "Baba, kai fa, ka yi wasiyya?" Na ce in bar musu me, tarina?

Alhamis, 6 ga Maris
Na tashi daga barcin rana na tarar da takalmana a bakin ƙofa a jere, suna kallon waje. Ni kuwa yar da takalmi nake, ɗaya gabas ɗaya yamma. Mutum ɗaya na sani mai wannan hali tun muna yara: ƙanina. Ko baƙo ya shiga wurinsa sai ya juya masa nasa, wai takalmi ba ya juya wa hanya baya.
Na tambayi tsohuwa, matata. Ta ce, "Da wace gwiwar? In na sunkuya sai ka kira maƙwabta."

Asabar, 8 ga Maris
Yau ma.

Talata, 11 ga Maris
Tsohuwa ta tafi wurin 'yarmu. Ni kaɗai a gida. Na sa sakata, na watsar da takalman da gangan, na zauna gadinsu kamar mage a bakin rami. Gyangyaɗi ya sace ni. Da na farka, an juya su. Har dunduniyar hagun da ta ɓalle an ɗinke, an kwantar da ƙullin ta waje don kada ya ci ƙafa. Ɗinkinsa ne. Ɗakin sai warin gam.
Kakarmu takan ce a tatsuniya matacce ba ya aiki. Mai rai kuma ba ya shigowa ta ƙofa mai sakata. In na faɗa wa alƙali, ko a ce tsufa ya taɓa ni, ko a ɗage shari'a baiwar Allah ta koma jira.

Laraba, 19 ga Maris
Kotu. Alƙali ya tambaya ko na gan shi, ko na ji muryarsa, ko ya aiko saƙo. Na ce a'a, kuma ban yi ƙarya ba. Bai tambayi takalmi ba. A cikinsu nake tsaye.
An yanke hukunci: ya mutu. Matarsa ta yi kukanta a baranda, mara sauti. Babban ɗanta tuni yana waya da dillali.

Juma'a, 21 ga Maris
Ba a juya ba. Jiya ma haka. Madalla, in ji baki.

Lahadi, 30 ga Maris
An kwashe shago. Ɗan ya kawo mini tsofaffin takalman aikin ubansa. "Baba, ba wanda suka yi wa." Na ɗora su can saman kabad, sai da na taka kujera.

Talata, 1 ga Afrilu
Da rana tsaka. Takalmana a bakin ƙofa suna kallon waje. Nasa a gefensu, daf da daf, kamar lokacin da nake riƙe hannunsa zuwa makaranta. Ban taɓa su ba.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na leƙa wurin siririn lauya. Hira ce kawai, ofishinsa akwai fanka. A cikin hirar dai muka rubuta wa zai riƙe me, kada a bar tsohuwa da yawon kotu da wannan gwiwar tata.
Da silifas na je. Waɗancan suna nan inda suke. Da ma ƙanina bai taɓa yi wa mutum gaggawa ba.